Makullin Ɗakin Maganin Ikara

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Hakimi, shugaban wannan taro, Allah ya ja zamaninka. Allah ya gafarta Alƙali, Allah ya gafarta Liman. Wakilin En'e mai kula da ɗakunan magani, ranka ya daɗe. Dagatai da masu unguwanni, baƙinmu na Makarfi da na Kudan, iyayenmu mata da ke bayan zana, jama'ar Ikara manya da ƙanana, assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mini wannan rana, ina godiya ga Hakimi da ya ce in yi magana, ina kuma godiya ga waɗanda suka bar gona a tsakiyar kaka suka zo. Ga baƙin da ba su san ni ba, ni ne Sama'ila, mai ba da magani a ɗakin maganin garin nan shekara goma sha tara. Amma in kuka tambayi Sama'ila a kasuwa ba lalle a gane ba, sai kun ce Malam Maimaita. Na san kuna kirana haka a bayan idona, kuma yau za ku ji dalili.

Mun taru ne saboda samari uku da ke zaune gabanmu, waɗanda suka gama makarantar haɗa magunguna a Zariya: Ja'afaru na Makarfi, Abdulwahabu na Kudan, da Halliru namu na Saulawa. An ce in faɗa musu hanyoyin da ke gabansu, tun da na riga su shiga wannan aiki. To, 'ya'yana, ku saurara, in kunne ya ji jiki ya tsira.

Hanya ta farko ita ce asibitin gwamnati, a Zariya ko Kaduna ko Kano. A can akwai likita a kanku, akwai ma'auni mai kyau, akwai magungunan da ni sai a takarda na san sunansu. Wanda ya bi wannan hanya zai ƙware, zai sami girma, in ya yi kuskure kuma akwai ido na biyu da zai tare shi kafin ɓarna ta auku. Wannan ido na biyu ni'ima ne, ban san darajarsa ba sai da na rasa shi.

Hanya ta biyu ita ce aikin yawo, tare da masu yaƙi da ciwon barci a wajen Ancau, ko masu kula da kutare. Aiki ne na keke da laka da kwanan zaure. Ba shi da farar riga mai guga, amma dattawan da ke nan sun tuna ƙauyukan da ciwon barci ya share, sun kuma san yadda aka koma ana noma a cikinsu.

Hanya ta uku ita ce kanti. Da takardar da ke hannunku kuna iya neman lasin ku buɗe kantin magani, ko ku yi wa wani babban kamfani aiki. Abdulwahabu, na ji an ce nan zuciyarka ta karkata, kuma ban ga laifinka ba, ɗan Kudan da ciniki ai gado ne. Halal ce, babu shakka. Sai dai ka sani, mai sayar da atamfa yana murna in an sayi turmi biyu maimakon ɗaya, amma mai sayar da magani dole wata rana ya ce wa mai kuɗi a hannu, koma gida, ba ka bukatar komai sai hutu da kunu. Ranar da bakinka ya kasa faɗin haka, ka rufe kantin ka koma atamfa.

Akwai kuma asibitin ma'aikatan jirgin ƙasa, akwai na masu haƙar kuza a Jos, akwai soja. Ba zan tsaya a kansu ba, don ban san su sosai ba, kuma ba na son in ba da maganin da ban auna ba.

Sai hanyar ƙarin ilmi. Ana ta cewa lokaci na zuwa da 'yan ƙasa za su riƙe ayyukan da Turawa ke riƙe da su yanzu. In haka ne, wa zai koyar a makarantar da kuka fito? Wa zai riƙe babban sito da ake raba wa lardi magani? Halliru, kai ka zo na ɗaya, kuma an yi maka tayin tafiya Ikko ka ƙara karatu. Wannan abin alfahari ne ga Saulawa, abin alfahari ne ga Ikara, abin alfahari ne ga Arewa baki ɗaya.

Saura hanya ɗaya, wadda ba ta da mai talla sai ni. Ita ce ɗakin maganin ƙauye, ɗaki ɗaya da rumfa da benci. Kafin in yi maganarta, ku ba ni dama in ba ku labari.

A shekarata ta biyu a nan, ina saurayi mai ji da boko, wata mata daga Saulawa mai suna Indo ta kawo mini ɗanta Lawal, yana da shekara uku, tari ya hana shi sakat. Na haɗa masa maganin tari mai sa barci, na kwana takwas, a kwalba ɗaya. Na rubuta a jikin kwalbar da kyakkyawan rubutuna yadda za a sha, na faɗa mata sau ɗaya da sauri, don akwai layi a bayanta. Ta durƙusa ta yi godiya ta tafi.

Jama'a, ku gaya mini, in malam ya wanke allo ya ba mutum rubutu, yaya ake sha? Ai kafa kai ake yi a shanye, ba a ragewa, rage shi ma raina albarka ne. Abin da Indo ta sani ke nan tun tana yarinya, abin da uwarta ta sani ke nan. Ta isa gida da hantsi, ta yi bismillah, ta ba yaron kwalbar duka. Ya yi barci, ta yi murna tari ya tsaya. Har la'asar bai tashi ba, kuma bai sake tashi ba.

Likitan da ya zo bincike ya duba kwalbar, ya ce rubutuna daidai ne, awona daidai ne, ba ni da laifi. Takarda ta wanke ni, amma ni ban wanku ba. Na je Saulawa ta'aziyya ina jiran zagi. Indo ba ta zage ni ba. Abin da ta ce kawai shi ne: “Malam, da ka ce in faɗa maka abin da na ji, da ka gane ban ji ba.”

Daga ranar ba wanda ya sake fita daga ɗakina da kwalba sai ya maimaita mini yadda zai sha, sau uku, ko dagaci ne ko mai tallan gyaɗa. Ina ɗaura zare a jikin kwalba, zare ɗaya sha ɗaya. Ina ba mutum kwalbar ruwa in ce ya zuba a gabana in gani. Kun yi gunaguni, kun ce mutumin nan ya cika mita, kun sa mini suna. Na karɓi sunan da hannu biyu. 'Ya'yana, wannan ne abin da ba a jarraba ku a kansa ba a Zariya: magani ba ya ƙarewa a ma'auni, sai ya shiga kunnen mai shan sa.

Bayan shekara bakwai Indo ta dawo, tana riƙe da hannun ƙanen Lawal. Ta ce in kai shi elemantare, a koya masa karatun jikin kwalba. Wannan yaro shi ne Halliru. Na nemi izininta kafin in ba da labarin nan, tana can bayan zana tana ji.

Yanzu, ranka ya daɗe, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara biyu ke nan idona yana dushewa, ina ɓoyewa. Na haddace mazaunin kowace kwalba a kan kanta, ina ɗauka da hannu kamar mai gani. Watan jiya, ranar kasuwa, Maiwada mahauci na Kudan ya zo da ciwon ciki. Maiwada, na ji muryarka ɗazu a wajen gaisuwa, na san kana nan, kuma ba ka san wannan ba sai yau. Na miƙa hannu na ɗauko kwalba na tsiyaya maka. Har zan miƙa maka, sai warin ya bugi hancina. Maganin wanke gyambo ne, guba, na sauya masa wuri da kaina ranar da na yi shara na manta. Na zubar, na ce maka ƙuda ne ya faɗa ciki. Ƙarya na yi maka. Ka yafe mini, don Allah. Tsoro ya kama ni a ranar irin wanda bai kama ni ba tun rasuwar Lawal, kuma har yau bai sake ni ba.

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ga makullin ɗakin magani, ina ajiye shi gaban Hakimi, a gaban wakilin En'e, a gaban jama'a. Daga gobe ɗakin a rufe yake. Na san abin da hakan ke nufi: mai maƙoƙo da mai gyambo da mace mai goyo za su taka har Makarfi, wanda ba ya iya takawa kuma sai abin da Allah ya yi. Wakili ya gaya mini gaskiya, babu wanda za a turo bana, ma'aikata sun yi kaɗan. In ba ɗaya daga cikin ukun nan ya ɗauka ba, makullin zai daɗe a inda yake.

Halliru, ko da dushin idona na ga ka miƙe. Zauna, ɗana. Zauna, na ce. Ba na son alkawarin da kunyar taro ta yi, don alkawari kaya ne, kuma wannan kayan shekara ashirin ake yi ba a sauke shi ba. Uwarka ba ta kawo ka makaranta don ka zama diyyar yayanka ba, ni ma ban ba da labarinsa don in ɗaure ka ba. In ka tafi Ikko ka dawo ka koyar da mutum ɗari, wallahi ka yi wa Lawal adalci. Ku uku duka ku koma gida, ku yi shawara da iyayenku, ku yi istihara. Bayan kwana bakwai, wanda zuciyarsa ta natsu ya zo wurin Hakimi shi kaɗai, ba kalangu ba shaidu. In ba wanda ya zo, babu mai zargin kowa, ni ne na farko da zan sa muku albarka.

Abu ɗaya nake roƙo, ranka ya daɗe. In Allah ya sa an sake buɗe ɗakin, a bar ni in shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa. Ba zan taɓa kwalba ba har abada. Amma kunnena lafiya lau, kuma duk wanda ya fito da magani sai ya tsaya ya maimaita mini sau uku kafin ya wuce.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da adalci. Allah ya yi wa samarin nan zaɓin alheri, ya tsare hannuwansu daga abin da ya sami nawa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu ci amfanin gonarmu lafiya, ya mai da baƙinmu Makarfi da Kudan lafiya. Allah ya sa Lawal mai ceton iyayensa ne, ya saka wa Indo da Aljanna.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi. Na gode.