Jinin Bawan Malam

A ɗakin jiran wurin gwajin ƙwayoyin halitta, wani direba ya dubi dattijuwar da ke gefensa rungume da fayil.

"Inna, jiki ne?"

"Lafiyata lau. Asalinmu muka bincika. Mu goma muka ba da yawu, dangi na nesa suka haɗa tsoffin takardu. Ashe ba jinin malamin da muke taƙama da shi ba ne mu. Jinin bawansa ne."

"Subhanallahi! Ɓoye takardar nan, Inna."

"Haka ƙannena suka ce, wai manemin 'yata zai gudu."

"Ai da gaskiyarsu."

"Ya gudu mana! Kai ka san sunan kakan kakanka?"

Dattijuwar ta ɗaga fayil ɗin.

"Ni yanzu na san nawa. Jikana na gaba ma sunansa zai ci."