Yaren Kawu Labaran

Assalamu alaikum. Malam Liman, Manajan masaƙa, shugaban ƙungiyar ma'aikata, Inna Zaituna matar marigayi da 'ya'yanta, iyayena na Challawa da Panshekara, ina gaishe ku. Ni ce Sauda, 'yar ƙanwar marigayi. An ce in yi magana ne saboda ni kaɗai ke iya karanta rubutun hannunsa. In muryata ta yi ƙasa, ku yi mini haƙuri.

Ya kasance foman na ɗakin saƙa tun shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Ya kasance mutumin da ƙarar injina ta ishe shi, har ya ƙago wa abokan aikinsa yare. Dokarsa guda ce: kafin ka faɗi abin da za a yi, fara faɗin yadda za a yi shi. "Gur" a hankali, "zak" maza-maza, "dom" kullum. Yakan ce, "A ƙarar nan kalmar farko kawai kunne ke kamawa." Mun sha yi masa dariya, har ranar da bel ɗin inji ya cafke hannun rigar Baba Inuwa. Kawu ya daka tsawa, "Zak!" Bai ƙarasa ba aka kashe inji. Ga Baba Inuwa nan zaune, da hannun nan ya ci shinkafa ɗazu.

Ya kasance mai tsokana. In ya same ni da littafin soyayya sai ya ce, "Sauda, shafi tamanin, saurayi bai faɗi abin da ke ransa ba? A kawo mini shi masaƙa!"

Inna, yanzu da ku nake. Kun ce littafin da ya rubuta yaren nan a ciki shirmen Malam ne, gobe za ku ba mai ƙosai ta riƙa naɗe kaya. To, na karanta shi. Kowace kalma ya ba ta misali, bari in fassara muku. "A hankali Zaituna ke hucewa." "Maza-maza nake komawa gida ranar da ta yi dambu." "Kullum ita ce da gaskiya, amma kada a gaya mata." Shafi arba'in da shida, babu wanda sunanku ba ya ciki. Wallahi Inna, duk samarin littattafaina babu wanda ya kai shi.

Don Allah kada littafin nan ya je wurin mai ƙosai. Ku sa shi a akwatinku, duk Juma'a zan zo in karanta muku shafi guda. Na ga kuna dariya kuna share ido, to na ɗauka an yarda.

Mun gode wa duk wanda ya tako ya zo. Allah ya jiƙan Kawu Labaran, ya haskaka kabarinsa, ya sanyaya zuciyar Inna, ya sada mu da shi a Aljanna. Amin.