Jan Farcen Mang Ikong

Jawabin da Consolacion Tuazon, sakatariyar unguwar Santa Filomena, ta yi a filin ƙwallon kwando na unguwa, ranar addu'ar kwana arba'in ta marigayi Teodorico Macaraeg, wanda aka fi sani da Mang Ikong, shugaban 'yan sintiri.

Fada Celso, wanda ya ja mana addu'a tun safe, sannu da ƙoƙari. Mai girma Konsehal Manalang, wakilinmu a majalisar gari, wanda sunansa ke rubuce sau huɗu a jikin rumfar da muke zaune a ƙarƙashinta, don kada wani ya manta mai inuwar, barka da zuwa. Kapitan Dizon, shugaban unguwa kuma maigidana a ofis. 'Yan majalisar unguwa su bakwai, ko in ce biyar ɗin da suka samu zuwa. 'Yan sintirinmu, da kuka zo da rigunanku a goge. Aling Luningning, matar marigayi, da 'yarsa Divina, da dangin Macaraeg na kusa da na nesa. Jama'ar Santa Filomena, ina gaishe ku baki ɗaya.

Na kuma hango Boss Nestor Pamintuan, mai mashayar Bituin, can baya kusa da tukunyar taliyar pansit. Kai ma na gaishe ka, don uwata ta koya mini gaisuwa. Kada ka tashi, Boss. Maganar ba za ta cika ba in ba ka nan.

Jiya Kapitan ya tsayar da ni a bakin ofis ya ce, "Soling, minti biyar kawai. Ki faɗi alheri ki zauna, akwai baƙi." Na ce to. Da na kwanta sai na tuna abin da kakanninmu suka gaya mana, cewa ran mamaci yakan yi kwana arba'in yana zagaya gidansa da lungunsa kafin ya tafi. In haka ne, yau ce rana ta ƙarshe da Mang Ikong ke jin mu. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kasa kunne dominmu, ba zan cika masa kunne da ƙarya ranar bankwana ba. Ka yi haƙuri, Kapitan, zan wuce minti biyar.

Ya kasance direban jifni, motar hayar nan tamu, shekara ashirin da shida kafin ya sa rigar sintiri. Ƙarar inji ta kashe masa kunnen hagu, shi ya sa kullum yake karkata kai in ana masa magana, kamar mai neman rigima. Da wannan kunne ɗaya da ya rage masa ya fi mu ji, mu masu biyu.

Ya kasance mai son waƙa, kada wani ya ce muku maƙiyinta ne. Duk wanda ya je bikin auren Divina ya san ya riƙe makirfo har sai da aka kashe akwatin waƙar daga bango. Muryarsa ba daɗi, Allah ya jiƙansa, ko karnukan Mang Berto sun shaida. Amma goma na dare na yi, sai ya ajiye.

Ya kasance mai taurin kai, na gaske. Sau uku yana rubuta wa majalisar gari a ba 'yan sintiri na'urar awon ƙara. Sau uku ana ce masa tana hanya. Da ya gaji da jira sai ya ƙirƙiro nasa awon, kuma kowa a nan ya san shi. Yakan je gidan Lola Pilang, tsohuwar nan da a lokacin ke kwance a ƙarshen lungu shekara shida ba ta tashi, ya zauna a bakin tagarta da oba-oba a hannu. Abokin aikinsa yana can cikin mashaya yana rage muryar akwatin waƙa kaɗan-kaɗan, shi kuma yana tambaya, "Lola, har yanzu kina ji?" Sai ta ce, "Yanzu kam na daina," sannan ya taka zuwa mashayar, ya zaro 'yar kwalbar jan farce daga aljihu, ya ɗiga a jikin maɓallin murya daidai inda aka tsaya. Akwati goma sha huɗu ne a unguwar nan, duka ya sa musu wannan ɗigo. Jan farcen kuwa na matarsa ne, da shi take sana'a gida-gida. Na sha jin ta tana faɗa, "Ikong, wannan fa na masu biya ne, ba fentin gwamnati ba ne!" Shi kuma ya ce, "Ningning, ɗigo ɗaya ne, sa a asusun unguwa."

Masu akwati goma sha uku sun bi jan nan. Wasu da gunaguni, wasu da dariya, amma sun bi. Ɗaya ne ya ƙeƙasa ƙasa, kuma shi ne mutumin da ya riƙe Divina a coci ranar baftismarta. Kumpare suke kiran juna. Ina tsaye rannan ina sayen ƙanƙara na ji su.

"Haba kumpare," in ji Boss Nestor, "mutane sun jefa kuɗinsu a akwati don su yi waƙa, ba don su yi raɗa ba."

"Su yi waƙarsu, kumpare. Iyakarta dai jan nan."

"To ranar albashi fa? Ka ɗaga mini ƙafa ranar albashi kawai."

"Lola Pilang ba ta karɓar albashi," in ji Ikong.

Aka yi dariya, Boss ya miƙa masa kwalba mai sanyi, ya ƙi karɓa, ya wuce.

Shekara uku ke nan da ya bi gida-gida ya tara sa hannun mutum ɗari biyu da goma sha biyu. Bai ce a rufe mashayar kowa ba. Cewa ya yi a rubuta sharuɗɗa a bayan kowane lasisi: kada murya ta wuce ja, a kashe akwati ƙarfe goma, a daina sayar da giya sha biyu, a ajiye mai gadi a ƙofa yana laluben masu shiga, kuma bayan goma a zuba wa mutane a kofin roba, a kwashe kwalabe daga tebur. Wanda ya karya, a karɓe lasisinsa. Ni na buga masa takardar da hannuna, ni na raka shi muka kai ta ofishin Konsehal. Aka ba mu kofi da biskit, aka ɗauke mu hoto. Konsehal ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Mang Ikong, kwamiti zai yi nazari. Amma ka sani, gari yana buƙatar 'yan kasuwa." Ranka ya daɗe, ina nazarin ya kwana? Shekara uku! A cikinta an gina kasuwa an rushe, ɗan Divina ya yi haƙora ya shiga makaranta, Lola Pilang ta mutu. Rumfarka dai ba ta taɓa makara ba. Ko gawa ba ta huce ba take isowa.

Kada ku ga ina nuna yatsa ku ɗauka hannuna a wanke yake. Kun san babu mashayar da gari zai sabunta wa lasisi sai da takardar yardar unguwa, takardar kuma ba ta aiki sai Kapitan ya sa hannu, sakatariya ta buga hatimi. Sakatariyar ni ce. Janairu uku a jere na buga wa Bituin hatimi ba sharaɗi ko ɗaya. Kowane karo Ikong yakan zo ya tsaya a gaban teburina, ya karkata kan nan nasa, ya ce, "Soling, hannunki bai yi miki nauyi ba?" Ni kuma in ce, "Kuya, yayana, ni bugawa ce tawa, ba ni ke yanke hukunci ba." Haka nake ce masa, ina cin ayabata.

Daren da abin ya faru Asabar ce, washegarin albashi, ƙarfe biyu saura na dare. Duk mun ji ƙarar, kada wanda ya ce bai ji ba. Ni na ɗora matashi a kaina. Shi ya sa silifas ya fita. Da ya isa Bituin ya tarar teburi biyu suna rigima a kan makirfo, kowa na cewa layinsa ne. Bai kula su ba, ya wuce kai tsaye wurin akwati ya mayar da maɓalli inda ya saba. Wanda ke waƙa ya ji muryarsa ta faɗi a gaban abokansa, sai ya fasa kwalba a bakin tebur ya soka masa a wuya. Ba mai gadi, ba wanda ya tare. An kama mai kwalbar, ɗan ƙwadagon gini ne da ba ya ma zaune a unguwar nan, kuma kotu za ta ji da shi. Amma da an kashe akwatin tun ƙarfe goma, da Ikong yana gida yana yi wa Ningning minshari.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci, kuma namu ne gaba ɗaya. Mu ba ma barin gawa ita kaɗai. Mukan kwana da ita, da kofi da karta da waƙa, don kada ido ya rufe. 'Yan sanda sun garƙame Bituin, akwatinta yana zaune ba aiki. Sai Boss Nestor, a matsayinsa na kumpare, ya ɗora shi a keke mai ƙafa uku tare da furanni, ya aika gidan makoki kyauta. Muka karɓa, muka ce an gode. Kwana uku muna waƙa da shi, taku biyar daga akwatin gawa. Kapitan ya yi biyu, an tafa masa. Ni ma na yi ɗaya, Allah ya yafe mini.

A dare na huɗu Ningning ta fito ta ce kanta na ciwo, bari ta rage kaɗan. Ta sunkuya ta kai hannu, sai ta tsaya. An kankare ɗigon da wuƙa, amma ja ya maƙale a cikin tsagar maɓallin. Ta goga da babban yatsa, ta ɗago ta dube ni.

"Soling, wannan jana ne. Akwatin ina ne wannan?"

Ta kalli furannin da aka aiko tare da shi, ta gane.

"Ku cire mini shi daga kan mijina," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba.

Boss, na san ba da mugunta ka aiko ba. Ka yi abin da kumpare ke yi ne, har kana jiran godiya. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Abu na ƙarshe da hannunsa ya taɓa a duniya ka aiko mana, mu kuma mu ɗari da wani abu muka zauna a gabansa kwana uku, ba wanda ya ga aibu sai matar da ta san launin janta.

Ran Laraba da ta wuce wata takarda ta zo teburina. Sabuwar mashaya, wai ita Bagong Bituin, wato Sabuwar Bituin, da sunan matar Boss. Gini ɗaya, tebura ɗaya, akwati ɗaya. Kapitan ya riga ya sa hannu, bayan takardar kuwa fari fat. Ya ce da ni, "Ki buga kawai, Soling. Mai tafiya ya tafi, masu rai za su ci abinci." Gaskiya ne akwai mutum tara da ke ci a wurin, mai dafa abincinsu ma ƙanwar mijina ce. Ban ce kada su ci ba. Ikong ma bai ce ba.

Ga hatimin nan, na zo da shi a jakata. Na baya, ku miƙe ku gani. Jiya da yamma na je wurin Ningning na roƙi ragowar kwalbar, na ɗiga masa ja a hannun da ake dannawa. Iyakata ke nan. Kapitan, kai ke naɗa sakatariya, kai ke cire ta, na san wannan. Shekara goma sha tara nake kan teburin nan, saura biyu in huta, kuma ba ni da wata sana'a. Ran Litinin ƙarfe takwas zan buɗe ofis kamar kullum. In ka rubuta sharuɗɗan Ikong guda biyar a bayan takardar, Boss da matarsa suka sa hannu a ƙasa, zan buga da hannu biyu. In ba haka ba, ka kore ni, ka ɗauki hatimin ka danna da kanka. Sai dai ka sani, babban yatsanka a kan jan nan zai sauka. Ku kuma ɗari biyu da goma sha biyu, ofishin yana da benci, kuma kun san hanya. Konsehal, in kwamiti ya gama nazari, kai ma akwai kujera.

Ningning, 'yar'uwata, ba haƙuri zan ba ki ba, an ba ki har kin gaji. Gafara nake nema. Sau uku mijinki ya tambaye ni ko hannuna ya yi nauyi, sai yanzu na ji nauyin. Divina, ki gaya wa ɗanki cewa kakansa bai mutu a faɗan mashaya ba, ya je rage murya ne don maƙwabta su yi barci. Ki gaya masa tun yanzu, kafin wasu su gaya masa ta wata fuska.

Na gode wa Fada. Na gode wa matan da suka kwana suna girki, da 'yan sintirin da suka ɗauki akwatin gawarsa a kafaɗa suka ƙi yarda a sa shi a mota. Na gode wa masu akwati goma sha uku da har yau ba su kankare nasu ɗigon ba. Rumfa ma an gode, ta tare rana.

Ya Ubangiji, ga bawanka Teodorico nan, yau zai bar lungunmu. Ka yafe masa kurakuransa, ka karɓe shi da jinƙai, ka buɗe masa kunnen da inji ya kashe. Ka ba shi shirun da muka hana shi. Ka riƙe Ningning da Divina. Mu kuma da muka ɗora matashi a kanmu a daren nan, kada ka ba mu barci mai daɗi sai mun gyara. Amin.

Abinci yana baya, a fara da tsofaffi. Yau ba waƙa.