Maigidan Fa, An Gwada Shi?

Ina zaune a ɗakin jira na asibiti, wata matashiya ta faɗo kan benci kusa da wata mata.

"Yaya, taya ni murna! An gano ciwon maran nan, wai kilamidiya. Ƙwayoyi kawai zan sha, har haihuwa likita ya ce in sa rai!"

"Kai, madalla, ƙanwata! Maigidan fa, an gwada shi?"

"Shi? Garau yake, ko ciwon kai ba ya yi."

"Haka mijina yake ta rantsuwa. Cutar ɓuya take yi. In warke, ya sake shafa mini. Zuwana na uku ke nan."

Matashiyar ta zaro waya.

"Maigida, rufe shagon nan ka taho. A'a, ba gobe ba, yanzu!"