Ranar da Aka Zo Ta'aziyyata Ina Cin Tuwo

Salama a gare ku cikin sunan Yesu mai ceto! Ku ɗaga Haleluya da ƙarfi, gawa ce ke gabanku yau!

Ni ne Yohanna, ma'aikacin lafiya a nan Goronyo. Da na ga kowa na zuba albasa a bakin dam, zuciya ta ce, Yohanna, bana sai mota. Na ci bashi ta manhajar waya na sayi injin ban ruwa. Albasa ta ruɓe, albashi ya maƙale, bashi kuwa kullum sai ya haihu tagwaye.

Masu manhajar suka tura hotona ga duk lambar da ke wayata, wai na mutu da bashi a wuya. Ina tsakiyar cin tuwo sai ga maƙwabcina, Baba Alhaji Garba, da jama'a sun shigo ta'aziyya.

Ya ce, "Yohanna, kai na? Mi ya hwaru? An ce muna ka rasu!"

Na ce, "Baba, saura ƙiris dai."

Aka yi dariya. Ni kam na ture tuwon gefe.

Banki ma ya ce sunana ya shiga cikin marasa biya, ko sisi ba zai ranta mini ba. Ana haka wani ya kira ni da murya kamar zuma, wai shi mai wanke suna ne, yana da mutum a ciki. In biya shi, sunana ya fita fes.

Na biya! Da me? Da bashin wata manhajar! Ya ce saura kuɗin hatimi. Na ci bashi na uku. 'Yan'uwa, waya ta zama mini kurkuku. In ta yi ƙara sai in cusa ta ƙarƙashin matashi. Coci nakan zauna can baya, a ce amin na riga iska fita. Na rame har wandona ya fara neman wani mai shi.

Rannan mai wanke sunan ya ce in karanto masa lambar sirrin da banki ya turo mini. Har na buɗe baki zan karanto, sai na katse kiran. Na durƙusa kusa da injin nan na ce, "Yesu, wayona ya ƙare. Ka fisshe ni!" Na yi kuka kamar jariri, na tashi na faɗa wa matata Lami komai.

Ta ce, "Baban yara, kashe wayar nan, sa takalmi."

Ta ja ni gun Dattijo Markus na cocinmu, ma'aikacin banki. Ya ce da na ba da lambar, da albashina ya tafi. Ba wanda ke wanke suna da kuɗi. Biya ake yi, a karɓi takardar shaida, in akwai kuskure ka nemi a gyara da kanka. Tozarta mutum kuma laifi ne, akwai hukumar kare masu sayayya. Muka kai ƙara, muka roƙi masu bashin su bar ni in riƙa biya kaɗan-kaɗan.

Ban gama biya ba, amma ina barci har da minshari, ku tambayi Lami!

Na gode wa Ubangiji. Kai da ke ɓoye irin wannan a aljihu, kada ka ba kowa lambar sirrinka. Kai wa Yesu kukanka, kuma ka same ni bayan sujada, na san ƙofar Dattijo. Amin!