Tsallen da Bai Kai Ba

A wurin jiran bas na Al Sadd, lokacin da Doha ke shirin gasar wasannin Asiya, wani dogon saurayi riƙe da takalman wasa ya zauna kusa da wani mai kayan gadi.

"Ɗan gida ne?" in ji mai gadin.

"Daga Gusau. Kulob ɗin ƙwallon kwando ne ya kira ni gwaji."

"Ma sha Allah. Sun auna hannunka da tef, kamar masu ɗinka maka babbar riga?"

"Har gudu da tsalle. Wai tsallena bai kai ba, sai suka mai da ni ƙarshen sahu, farashina ya faɗi. Ni da a gida ba mai iya tare ni!"

"Ai a gida ba na'ura. Nan ko ragon Layya bai shan lalube irin na ɗan wasa."

"Gobe zan sake. Koci ya ce in sha Allah."

"In sha Allah ɗin koci? Khalas, shi ke nan, fara neman kafil, ubangidan da zai tsaya maka ka samu aiki."

"Haba Malam! Ka taɓa riƙe ƙwallo kuwa?"

"Ƙanena, dubi dogayen ƙafafun nan nawa da kyau. A zatonka don buɗe ƙofa aka biya min jirgi daga Kano? Yalla, tashi, ga bas. Sunkuya, kar ka fasa goshi."