Ta'aziyyar Sojojin Waya

A bencin ɗakin jira na asibiti, wani tela ya ƙura wa wayarsa ido, ƙafarsa sai rawa take.

"Shi ke nan," ya ce a hankali. "Sun ƙone garin, sun gama da maharbana."

Tsohuwar da ke gefensa ta dafe ƙirji. "Allah ya ji ƙansu. Wane gari, ɗana?"

"A'a, Iya, wasan yaƙin mutanen da ne a waya."

"To, na riga na yi ta'aziyya, ba ta komawa ciki. Garin yaya?"

"Na tura su ƙetaren kogi, na bar ƙofar gari a buɗe."

"Wane irin sarkin yaƙi ne kai? Hankalinka ba ya wurin."

"Yana ɗakin can. Matata ce ke naƙuda tun safe."

"Ai ƙafarka ta faɗa min. Sake tara runduna mu gani."

Suna cikin gardamar inda za a girke masu mashi, ungozoma ta leƙo. "Ina maigidan? Ta sauka lafiya."

Tela ya miƙe, idonsa ya ciko. "Iya, Allah ya saka da alheri. Da ni kaɗai ne, da na zauce."

"Je ka ka ga iyalinka. Bar min wayar, ni zan tsare ƙofar gari."